Wanda Ke Riƙe da Igiya

Aikina na farko bayan na gama bautar ƙasa shi ne duba aikin rijiyoyi. Wani Alhaji a Daura yana da ɗan kamfani da ke karɓar kwangilar haƙa rijiyoyin kankare da ƙara wa tsofaffi zurfi a ƙauyuka, ya kuwa ɗauke ni ne saboda masu ba da kwangila suna son a ce akwai mai digiri a wurin aiki. Ilimin duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa na karanta, amma ma'aikata suka sa mini suna Injiniya. Na gyara musu sau ɗaya, suka saurare ni cikin ladabi, suka ci gaba da kirana Injiniya.

A bazarar shekarar aka tura mu wata mashayar makiyaya gaba da Baure, can inda hanyar mota take ƙarewa, sai ta babur da amalanke. Tsohuwar rijiya ce da ta ƙafe, zurfinta ya haura gaba ashirin. Idan mutum ya leƙa da hantsi ba ya ganin ƙasanta, sai dai wani sanyi mai warin laka ya bugo masa fuska. Aikinmu shi ne mu ci gaba da haƙa har a tarar da ruwa, sannan a zura sababbin kankare su tare bango kafin damina ta sauka. Can ƙasa rairayi ne, shi kuwa rairayi yakan rufta ba tare da ya nuna alama ba.

Dole in bayyana yadda ake aikin, domin duk abin da zan faɗa a kan igiya ya faru. A bakin rijiya ana kafa dogayen ƙarafa uku, a rataya ƙananan wili biyu na ƙarfe. Igiya ɗaya ta bokitin ƙasa ce, leburori biyu daga ƙauyen da ke kusa ke jan ta. Ɗayar ita ake kira igiyar mutum. Da ita ake zura mahaƙi, kuma ba ya kwance ta daga ƙugunsa muddin yana ciki. Mutum ɗaya ne ke riƙe da ita a sama, bayan an naɗa ta a jikin turke, yana sassautawa kaɗan-kaɗan. Idan mahaƙi ya kai ƙasa, mai igiya ba ya zama, ba ya hira. Tafin hannunsa yana kan igiyar wuni guda yana sauraron motsinta, domin idan bango ya fara zubowa ko numfashi ya yi wuya a ƙasa, mahaƙi ba shi da sararin ihu. Igiyar kawai zai girgiza, mai igiya ya yi kira, kowa ya saki abin da ke hannunsa a taru a ja.

Mahaƙa suna da al'ada a kan wannan. Ba shugaban aiki ne ke naɗa mai igiya ba, wanda zai shiga ne ke zaɓa. Kowace safiya, kafin ya zura ƙafa, sai ya ce wa mutumin, "Na ba ka amana," shi kuma ya amsa, "Allah ne mai riƙewa." Wanda aka ba amana ranar da aka fara rijiya, shi ne har a ga ruwa. Sauya shi ana tsakiyar aiki daidai yake da a tsaya a gaban jama'a a ce wannan mutum ba abin a ba shi rai ba ne.

Mai igiyarmu tsoho ne da ya doshi sittin, dogo, mai faɗin kafaɗa. Ƙuruciyarsa duk a cikin rijiyoyi ta ƙare, daga Zango har ƙetaren iyaka, sai da wata ta rufta masa ta taɓa masa baya sannan ya dawo aikin sama. Mahaƙin kuwa magidanci ne mai shekara talatin da 'yan kai, shiru-shiru, kuma surukin tsohon ne. Tsohon ya koya masa sana'a, ya ba shi 'yarsa, ya yanka masa fili a cikin gidansa. Saboda kunyar surukuta, ba ya cin abinci inda tsohon zai gan shi, ba ya haɗa ido da shi, ba ya yi masa magana kai tsaye. Idan zai ambace shi sai ya ce "su Baba". Don haka ko kalmar amana ba ta wucewa tsakaninsu sai ta bakin mutum na uku, wato taubashin tsohon, ɗan kawunsa, wanda shi ke haɗa mana kankare. Mahaƙin zai sunkuyar da kai ya faɗa a hankali, taubashin ya ɗauka ya ƙara mata gishiri.

"Kai bawana, yaron nan ya ce ya ba ka amana. Da ni ne, ko akuya ba zan ba ka riƙo ba."

"Allah ne mai riƙewa," tsohon zai amsa. "Kai kuma wa ya 'yanta ka da har kake magana a cikin mutane? Koma wajen simintinka."

Da farko abin sha'awa kawai na gani, wato tsohon ba ya gajiya. Rana za ta take, leburori su riƙa satar inuwar aduwa, shi yana tsaye inda yake. Sai daga baya na fara lura da ƙananan abubuwa. Ba ya cin abincin kirki. Yana yawan sosa hanci da wuya. Da safe idan an zuba shayi, yakan ɗauki kofinsa ya zagaya bayan buhunan siminti, ya dawo yana motsa shi da tsinke. Wata rana na tsinci fankon ƙwaya a wurin. Tiramol ce, irin mai ƙarfin nan da masu tallar magani ke sayarwa a kasuwannin ƙauye. Na nuna wa taubashin.

"Kawu, wannan ta waye?"

"Maganin bayansa ne, Injiniya. Tun da rijiya ta danne shi. Da can ɗaya yake sha, yanzu Allah kaɗai ya san adadi. Ƙyale shi, tsohon jaki ne, da ita yake ɗaukar kaya."

Ya yi dariya, amma bai dube ni ba.

Abin ya fito fili wata safiya ana zura mahaƙin. Ina tsaye a bakin rijiya ina kallon hularsa tana ƙanƙancewa, sai igiya ta tsaya. Ya rage a rataye tsakanin sama da ƙasa, yana juyawa a hankali. Na waiwaya. Tsohon yana tsaye yadda ya saba, idanunsa a buɗe suna fuskantar garken shanu, amma a fili yake ba ya ganin komai. Leɓensa na ƙasa ya saki. Na ce, "Baba." Bai motsa ba. Sai na ga yatsunsa suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, igiya ta fara zamewa a jikin turke da wata 'yar ƙara kamar ana jan tabarma a kan tsakuwa. Taubashin ne ya daka masa tsawa. Ya zabura, ya damƙe, ya ci gaba da sassautawa kamar babu abin da ya gifta. Duka-duka bai wuce 'yan numfashi ba. Can sai muka ji sautin diga daga cikin rijiya.

Bayan la'asar na sami mahaƙin shi kaɗai yana wanke ƙafa a bayan zana.

"Ka ji abin da ya faru ɗazu?"

"Na ji igiya ta ɗan yi sauri."

"Ba yau ne na farko ba ko?"

Ya daɗe yana cuɗa dunduniyarsa da dutse. "A rijiyar bara ma an yi."

"To me ya hana ka sauya mai igiya? Kai al'ada ta ba zaɓi, ba ni ba."

"Injiniya, da wane bakin? Gidan da nake kwana nasu ne. 'Ya'yana a gabansu suke cin tuwo. Ranar da na ce su Baba su miƙa wa wani igiya, kafin in isa gida uwar yaran ta ji a bakin mata." Ya zuba sauran ruwan a ƙafarsa. "Idan da sauran kwana, zan riƙa fitowa."

Ranar Juma'a na tafi Daura na sami Alhaji bayan an sauko daga masallaci. Na faɗa masa abin da na gani ba ƙari ba ragi, na kuma faɗi abin da nake ganin ya dace: a ɗauke tsohon daga igiya ba tare da an taɓa ladansa ba, a kai shi asibiti a raba shi da ƙwayar a hankali.

"Mutumin nan shi ya haƙa rijiyar gidan mahaifina," in ji Alhaji. "Ba zan tozarta shi ba. Asibiti kuma, so kake a ce a garinsu an kai shi inda ake kai 'yan shaye-shaye? Bari, zan zo da kaina."

Ya zo kuwa, ya biya ya ɗauko limamin ƙauyen. Aka shimfiɗa tabarma a gindin aduwa, aka sallami kowa sai ni da taubashin. Alhaji bai ambaci tsohon ba ko sau ɗaya. Magana ya yi a kan lalacewar zamani da yadda ƙwaya ta cinye samari, yana yi yana kallon tasbaharsa. Tsohon ya saurara har ƙarshe. Sannan ya miƙe, ya ɗauki buta, ya yi alwala a gabanmu, ya dawo ya ce wa liman a ba shi Alƙur'ani.

"Malam, rantsuwa nauyi gare ta," in ji liman. "Ka yi alkawari kawai, Allah yana ji."

"A'a, Allah gafarta Malam. Tun da har an tara mini mutane, bari a yi ta gaba ɗaya."

Ya dafa, ya rantse ba zai sake kai ta bakinsa ba har ya koma ga Allah. Ya zaro sauran ƙwayar da ke aljihunsa ya zuba a murhun shayi. Warin ƙonannar leda ya tashi.

Da na raka Alhaji wajen mota, na ce masa jikin da ya shekara da shekaru a kan wannan ƙwaya ba ya sakinta rana ɗaya, tsohon zai kwanta ciwo, kuma har yanzu igiya tana hannunsa.

"Injiniya, ka taɓa ganin mutumin kirki ya dafa Alƙur'ani ya koma? An gama." Ya rufe ƙofar mota.

Gaskiyarsa game da halin mutumin, domin bai koma ba. Abin da ya biyo baya daga nan ya taso. Washegari ya fara hamma, hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina suna zuba kamar mai mura. Sai gumi, sai zagayawa daji a kai a kai. Ƙafafunsa suka ƙi zama wuri ɗaya ko da yana zaune. Da safe idan muka fito salla mukan tarar da shi a bakin rijiya, idanu jajur, da gani bai runtsa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai hannuwansa ne. Waɗannan manyan hannuwa da kanta ta cika, yanzu idan ya ɗaga buta sai bakinta ya riƙa kaɗawa, ruwa yana tsiyaya a ƙasa. Bai yi ƙorafi ba, bai kuma nemi hutu ba.

Na dakatar da shiga rijiya. Dalilin da na bayar shi ne kankaren da muka zuba ba su gama bushewa ba, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai kowa ya san ba ita ce gaskiyar duka ba. Kwanaki suka fara tafiya. Arɗon makiyayan yakan zo kowace safiya da sandarsa a kafaɗa, ya gaishe mu da kyau, ya leƙa rijiya, ya daɗe yana kallon shanunsa.

"Injiniya, nisan da suke yi kafin su sha ya yi yawa. Masu ciki sun fara kwantawa a hanya."

Iyakar abin da yake faɗa ke nan, ya tafi. Alhaji kuma yana kira yana tambayar me ake jira. Da yamma hadari ya fara haɗowa daga gabas, ya yi baƙi ya watse, gobe ya dawo ya fi na jiya. Idan ruwan sama ya riga mu, bangon rairayin da ba a tare ba zai zube, aikin duka ya tafi.

Wata yamma taubashin ya ja ni gefe, ya buɗe tafin hannunsa. Ya je kasuwa ya sayo ƙwayar.

"Rabi kawai, a cikin shayi. Tun da bai sani ba, rantsuwa ba ta kama shi ba. Hannu ya tsaya, mu gama rijiyar mutane, sannan ka kai shi asibitinka."

Na ce masa a'a. Hannu a tsaye da hankali a tafe shi ne abin da muka gani ranar nan, ni da shi. Ya yi tsaki, ya wurga ta cikin ƙaya. Ko da ma na yarda da ba ta yiwu ba, domin tsohon ya riga mu tunani. Tun ranar rantsuwa bai sake karɓar shayi daga hannun kowa ba. Ruwa kawai yake sha daga butarsa, kuma tana tsakanin ƙafafunsa duk inda ya zauna. Taubashin ya taɓa miƙa masa kofi, ya dube shi ya ce, "Na san ka tun muna yawo ba wando. Sha abinka."

Ranar da ba ni da sauran dalilin jinkiri, na sami tsohon bayan sallar asuba na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, alfarma nake roƙo. Ka huta yau, Kawu ya riƙe igiya. Idan jiki ya yi sauƙi sai ka karɓi abinka."

"Ba kai ka ba ni ba, Injiniya, ba kai za ka karɓa ba. Wanda ya ba ni ya zo ya karɓa."

Da hantsi kowa ya hallara a bakin rijiya, har Arɗo da wasu makiyaya. Tsohon ya tsaya a wajen turke ya ɗauki igiya. Ragowar da ke reto tsakanin hannunsa da turken tana rawa, kowa yana gani. Mahaƙin ya ɗaura nasa ƙarshen a ƙugu, ya ja ƙullin ya gwada. Ya saci kallon igiyar nan mai rawa, mu kuma duk muka ga ya gani. Na zuba masa ido ina fatan ya faɗi wani suna dabam. Ya sunkuyar da kai, ya furta abin da ya saba furtawa, ga wanda ya saba.

Aka jira taubashin ya ɗauka. Ya tsaya yana goge siminti daga yatsunsa.

"Yau kam bakina ya ƙi ɗauka," ya ce. "Hannun da ke zubar da rabin buta kafin ya wanke fuska, shi zan kai wa ran mutum? Bawana, ko kaza aka ba ka yanzu sai ta kuɓuce ta bar ka da gashi."

Da muryar wasa ya faɗa, amma babu wanda ya yi dariya. Na matso na tsaya tsakanin mahaƙin da bakin rijiya, na ce a matsayina na mai duba aiki, ba wanda zai shiga yau a wannan tsari.

Tsohon ya daɗe yana kallon hannuwansa. Sannan ya ajiye igiya a kan turke, ya tuɓe rigarsa ya ninke, ya taka har gaban surukinsa. Ban taɓa ganin sun tsaya kusa haka ba.

"Kwance," ya ce masa, kai tsaye, ba ta bakin kowa ba. "Ni zan shiga. Kai ka riƙe."

Na ce, "Baba, ba za ka shiga ba. Jikinka babu ruwa, ka kwana biyu ba ka ci ba, ba ka yi barci ba."

"Injiniya, ka hana ni sama, ka hana ni ƙasa. Ina kake so in tsaya?"

"Asibiti, Baba."

"In na fito."

Na dubi taubashin, na dubi Arɗo. Babu wanda ya motsa. Kowa ya fahimci abin da tsohon ya yi: ya sauka daga igiya ba tare da an sauke shi ba, ya kuma ɗauke wa surukinsa nauyin maganar da ba zai iya faɗa ba. Hana shi sai da kokawa, ga shi kuwa sa'an mahaifina ne. Abin da na iya shi ne sharaɗi. Na ce sai an cire bokiti an ɗaura masa igiya ta biyu a ƙarƙashin hammata, leburori su riƙe, kuma ba zai daɗe ba. Ya ɗaga hannuwa aka ɗaura, kamar wanda tela ke gwada wa riga.

Ya zauna a bakin rijiya, ƙafafunsa suna reto a ciki, ya ɗaga kai ya dubi mahaƙin, wanda yanzu ke tsaye a wajen turke.

"Na ba ka amana."

Mahaƙin ya sunkuyar da kai. Sai muka ji, can ƙasa-ƙasa, "Allah ne mai riƙewa."

Aka zura shi. Furfurar kansa ce ta ƙarshen ɓacewa. Da igiya ta yi sako-sako muka san ya taka ƙasa, jim kaɗan sautin diga ya fara tasowa, daidai-daidai, ba gaggawa, irin na wanda ya san aikin. Har taubashin ya saki fuska, ya leƙa ya yi kira.

"A hankali, tsohon gafiya, kada ka ɓulla ƙasar wasu ba takarda."

Digar ta ci gaba. Sai tazarar da ke tsakanin sara da sara ta fara tsawo. A yi ɗaya, a yi shiru, a yi wani. Na buɗe baki zan ce ya isa haka, sai sautin ya ɗauke gaba ɗaya. Shanu suna ta kaɗa wutsiya a rana. Ina kallon igiyoyin biyu, babu wadda ta girgiza.

"A ja," in ji mahaƙin. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Ba alama aka ba shi ba, nauyin igiyar ne ya sauya a tafinsa.

Muka ja, mu duka, har makiyaya. Jan mutumin da ba ya taimakon kansa dabam yake da jan wanda ke dafa bango da ƙafa. Yana karo da kankare, muna jin karon a hannuwanmu. Na rasa gane ko mun daɗe ko ba mu daɗe ba. Ya fito kansa a langaɓe, kafaɗarsa ta kuje, yashi cike da gemunsa. Wandonsa a jiƙe yake da laka har ƙwauri. Na ga Arɗo ya dubi wandon kafin ya dubi fuskar, sannan ya kawar da kai da sauri.

Taubashin ya kara kunne a ƙirjinsa. "Yana nan," ya ce. "Bawan banza, yana nan."

Mahaƙin bai matso ba. Yana tsaye a wajen turke da igiya a hannu, ko da yake babu kowa a ƙarshenta. Sai da na je na buɗe yatsunsa da kaina. Fatar tafinsa ta saɓule.

A amalanken makiyaya muka kai tsohon bakin hanya, daga nan mota zuwa asibiti a Daura. Aka yi masa ƙarin ruwa, ya farfaɗo kafin magariba. Likitan ya yi mana bayanin abin da na yi tsammani: hanyar da ta fi aminci ita ce a riƙa ba shi ɗan kaɗan bisa awo, ana ragewa har jiki ya saki. Tsohon ya ji, ya juya fuska bango ya ce ya rantse. Liman ya zo dubiya ya gaya masa rantsuwar da za ta cutar da mai ita tana da kaffara, ya ciyar da miskinai ya bi maganar likita, babu laifi a kansa. Ya ce zai yi tunani. Bayan 'yan kwanaki ya ce ya ji sauƙi, ya matsa aka sallame shi, ya koma gida. Ban san me ya yanke ba.

Rijiyar kuwa mun gama ta. Da hannun mahaƙin ya warke ya koma ciki, taubashin yana riƙe da igiya, kuma tun da tsohon ba ya nan babu wanda ya buƙaci ya ce komai. Muka zura kankare, ruwa ya taru, shanu suka sha kafin ruwan farko ya sauka. Na roƙi Alhaji ya sayi injin hannu mai birki, wanda ko mai riƙe da shi ya saki ba ya zamewa. Ya ce in sha Allahu a kwangila ta gaba. Daga nan ya mayar da ni wajen wasu ma'aikatan da ke gyaran famfunan tuƙa-tuƙa, muka rabu.

Bayan kaka na shiga kasuwar Zango neman wani ƙarfen famfo, sai na hangi mahaƙin a rumfar masu igiya. Yana bin wata sabuwa da yatsa, taku bayan taku, yana murɗa ta yana duba cikinta. Muka gaisa, na tambayi iyali, na tambayi Kawu. Ya ce Kawu ya tafi ci-rani kudu, sai damina. Su kuma an ba su sabuwar rijiya arewa da nan, jibi za su fara.

"To wa zai riƙe maka?"

Ya ci gaba da murɗa igiyar. "Su Baba sun warware. Alhaji ya ce su dawo."

"Hannun ya daina rawa?"

"Ya daina."

"Da magani ya daina, ko babu?"

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun da muka fara magana.

"Injiniya, ni ne zan tambaye su?"

Ya naɗe igiyar, ya ɗaure ta a bayan babur da roba, ya yi mini sallama cikin ladabi. Na tsaya a bakin rumfar har ya fita daga kasuwa ya kama hanyar arewa.